Musa Ɗanƙwairo, makaɗin da ya fita da kotson Maradun: abubuwan da ya kamata ka sani

Da wuya yanzu a yi babban taro a Kano ko Kaduna ko Abuja, naɗin sarauta ne ko ɗaurin aure, a watse ba a ji muryar Ɗanƙwairo ba, ko tasa ta ainihi daga faifai, ko ta masu bin sawunsa. Har ta kai idan matashi ya ce a sa masa Ɗanƙwairo, wani nau'in kiɗa yake nufi, ba mutum ba. Tambayi masu rausayawar garin su mawaƙin, wani zai ce maka Kano, wani ya ce Daura, domin sarakunan can suka fi jin yana wasawa. Alhali Alhaji Musa Ɗanƙwairo ɗan ƙasar Bakura ne, a fadar Maradun ya koyi sana'a, kuma mafi yawan aikin da ya sa aka san shi a wajen gida ya yi shi, don wasu mutane, bisa buƙatarsu. Yadda hakan ta faru, da abin da gida ya samu ko ya rasa a ciki, shi ne abin da za mu bi a hankali.

Daga ina ya fito?

An haife shi a wajajen 1909 a Ɗankadu, wani ƙauye kusa da Bakura, 'yan shekaru bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, kakansa ma haka. Da kiɗan noma gidan ya fara kafin ya koma kiɗan fada a ƙarƙashin Sarkin Ƙayan Maradun. Wanda ya san yankin ba zai yi mamaki ba. Bakura da Mafara da Maradun ƙasar fadamar gulbin Sakkwato ce, ƙasar gero da dawa da shinkafa tun kafin a kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, kuma duk inda ake gayya sai an nemi mai ganga. Makaɗin noma yana zuga ƙato har ya manta da zafin rana. Wanda ya iya wannan ya riga ya san yadda ake taɓa zuciyar namiji da magana, abin da ya rage masa shi ne ya koyi ladabin fada.

Masu tarihinsa sun ce laƙabin ya samo asali ne daga wani yaron mahaifinsa da ake kira Ƙwairo, mai zaƙin murya, wanda muryar Musa ta yi kama da tasa. Da mahaifin ya rasu, yayansa Kurna ne ya gaji jagorancin ƙungiyar, shi kuma Musa ya zama Daudun Kiɗi, wato na biyu a gidan. Ya daɗe a wannan matsayi yana amshi, yana ƙari, yana kallon yadda ake shiga gaban sarki da yadda ake fita. Sa'ad da Arewa gaba ɗaya ta san sunansa ya riga ya kai shekara hamsin ko ya kusa. Masu ganin cewa baiwa kaɗai ta isa su lura da wannan.

Mene ne matsayin makaɗin fada?

Makaɗin fada ba ɗan kasuwa ba ne mai sayar da waƙa ga duk wanda ya taya. Baran sarki ne. Yana da ubangida ɗaya, kuma a al'adance ba ya zuwa wata fada ya buga sai da izinin ubangidan nan. Sarki ne ke ɗauke da cinsa da suturarsa: hatsi da kaka, riga da rawani da Sallah, doki idan waƙa ta yi daɗi, wani lokaci gona ko gida, daga baya kuma aka shiga zamanin mota da kujerar Makka. Shi kuma makaɗi ba ya fashin hawan Sallah, da naɗin sarauta, da rakiyar sarki rangadi, da tarbar manyan baƙi.

Babu takarda a tsakaninsu, amma kowa ya san haƙƙinsa. Idan sarki ya yi rowa, waƙa za ta faɗa masa cikin hikima. Idan makaɗi ya yi wa abokin gabar sarki waƙa, ya san ya ɓata gidansa.

Abin da sarki ke saye da wannan ɗawainiya shi ne suna. A zamanin da babu jarida a ƙauye, waƙa ce ke sanar da talakawa wane ne ya gaji wane, wa ya nemi sarauta ya rasa, wane gari ne ke ƙarƙashin wa. Ƙasar Zamfara da gabashin Sakkwato sun yi arzikin irin waɗannan mutane fiye da ko'ina a ƙasar Hausa: Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, Aliyu Ɗandawo da ya ƙare a Yawuri, sai gidan su Kurna da Ɗanƙwairo da kuma Sa'idu Faru a ƙasar Maradun. Ka lura, da yawansu ba a garin haihuwarsu suka yi suna ba.

Yaya ake gina waƙar?

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ana ɗauka makaɗi yana buɗe baki ne kawai magana ta zubo. Akwai masu wannan baiwar, Mamman Shata ne babbansu, wanda kan ƙaga waƙa a tsakiyar fili. Makaɗan fada ba haka suke aiki ba. Waƙarsu a gida ake shirya ta, a zauna a kai kwana da kwanaki, a yi ta maimaitawa har ta zauna a bakin kowa kafin a kai ta gaban mai ita.

Aikin farko bincike ne. Dole jagora ya san nasabar wanda zai wasa: uba, kaka, waɗanda suka riƙe sarautar kafin shi, yaƙe-yaƙen da gidan ke alfahari da su, sunayen bayin sarki da fadawan da ake jingina sarki da su. Kuskure ɗaya a nan ya isa ya zubar da mutuncin makaɗi. Daga nan sai a nemi gindin waƙa, ɗan gajeren zancen da za a riƙa komawa gare shi, wanda shi ne ke ɗauke da karin waƙar duka. Idan gindi ya samu, sai a shiga ɗora 'ya'ya: wannan na yabo, wannan na zuga, wannan na tarihi, wannan na roƙo, wannan na godiya ga wanda ya yi kyauta a bara, wannan kuma na zambo ko habaici.

Zambo shi ne gishirin waƙar fada, kuma shi ne wurin da ya fi haɗari. Ba a kama suna. Sai a siffanta ɗan sarkin da ya nemi gadon ya faɗi, a ba shi kamannin wata dabba ko a taɓa tafiyarsa ko gemunsa, duk wanda ke garin ya gane, baƙo kuwa ya yi dariya bai san da wa ake ba. To ka auna wahalar wannan ga makaɗin da ke aiki a garin da ba nasu ba. A Maradun, Ɗanƙwairo ya san kowane gida da abin da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa tun yana yaro. A Daura ko Kano ko Zariya sai ya nemi wanda zai buɗe masa cikin fada, ya tantance gaskiya da gulma, ya san wanda za a taɓa da wanda taɓa shi zai jawo fushin sarkin kansa. Wannan ilimi ne da ba ya fitowa a faifai, amma ba don shi ba da waƙoƙin ba su karɓu a fadojin nan ba.

Abin kiɗansu kotso ne: ganga mai baki ɗaya, mai tsukakken ƙugu, ana rataya ta a kafaɗa a buga da hannu, ana kuma liƙa nake a tsakiyar fatar don amon ya yi zurfi. Kayan sarauta ne, ɗan'uwan taushi da jauje da banga. Kotso ba ya hayaniya. Yana barin fili ga murya, kuma a nan ne gidan Ɗanƙwairo ya yi wa saura nisa. Saurari kowace waƙarsa da kunnen basira: jagora zai ɗauko zance da siririyar muryarsa, kafin ya dire 'yan amshi sun tarbe shi sun ƙarasa, wani sashe nasu ya miƙa wa wani, sannan duka su haɗu su faɗa kan gindi lokaci guda, ba wanda ya riga wani ko da da numfashi. Kamar masu daka uku a turmi ɗaya ne, kowace taɓarya ta san lokacin saukarta. Wannan ba ya samuwa sai da horo na shekaru, shi ya sa yawancin 'yan amshinsa 'ya'yansa ne da 'yan'uwansa, waɗanda suka tashi da karin a kunnensu.

Saboda haka idan an ce waƙar Ɗanƙwairo, a riƙa tunawa aikin ƙungiya ne. Shi ne mai tsarawa, shi ne mai yanke hukuncin abin da zai shiga da wanda za a zubar, amma akwai 'ya'yan waƙa da dama da suka fito daga bakin mutanen da ba a taɓa buga sunansu a jikin kaset ba.

Me ya fitar da shi daga Maradun?

Siyasa. Sir Ahmadu Bello ya san ƙasar Zamfara ciki da bai, domin bayan an naɗa shi Sardauna a 1938 a Gusau aka zaunar da shi yana duba gundumomin gabashin Sakkwato. Da ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, kuma gwagwarmaya ta yi zafi tsakanin jam'iyyarsa ta NPC da NEPU ta Malam Aminu Kano, kowane ɓangare ya gane cewa waƙa ta fi takarda saurin isa ƙauye. Sardauna na bukatar makaɗin da zai yi masa irin kiɗan da ake yi wa sarakuna. Da yardar fadar Maradun Ɗanƙwairo ya shiga hidimarsa.

Aikin yana da sarƙaƙiya fiye da yadda ake zato. Sardauna jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba ne, tattaɓa-kunnen Muhammadu Bello, ya kuma nemi sarautar Musulmi a 1938 aka ba Abubakar na Uku. Ga shi yanzu shi ke riƙe da gwamnati, amma ba shi ne sarki ba. Maradun kuwa a wancan lokaci a ƙarƙashin Sarkin Musulmi take. Sai makaɗi ya ɗaga Firimiya har sama ba tare da ya taka rawanin Sakkwato ba. Ɗanƙwairo ya bi ta kan nasaba da aiki: ya wasa shi a matsayin jinin Shehu, ya kuma lissafa abin da mulkinsa ya kawo. "Mai Dubun Nasara" ita ce ta fi shahara a waƙoƙin wannan zamani, har laƙabin ya bi Sardauna zuwa yau.

Kada kuma daɗin karin ya sa a manta cewa waƙoƙin ɓangare ne. Waɗanda ake yi wa habaici a cikinsu mutane ne na gaske, 'yan adawa, wasunsu sun sha ɗauri a hannun En'e a shekarun nan. Ɗan NEPU na wancan lokaci ba da kunnen da muke ji yau ya ji su ba.

Abu na biyu da ya fitar da shi, wanda a ganina ya fi Sardauna tasiri, shi ne rediyo. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, kuma muryarsa na kaiwa Nijar da Gana da Kamaru da Chadi. Waƙar da a da sai wanda ya je ƙofar fada ranar Sallah zai ji ta, yanzu ga ta a shagon tela a Maraɗi da zangon Kumasi. Abin sha'awa, bai sauya harshensa don ya burge mutanen gabas ba. Da Zamfarcinsa ya fita, yana cewa "shina" inda Bakano zai ce "yana", yana cewa "wagga" a maimakon "wannan". Kanawa da Zazzagawa ne suka koyi jin sa, har ta kai yau matashin mawaƙi a Kano idan zai yi waƙar sarauta sai ya karkata harshe yamma, don a kunnen mutane haka sarauta ke magana.

Bayan 15 ga Janairu 1966

Kashe Sardauna a wannan rana ya bar makaɗinsa ba babban ubangida. Sai dai hidimar Sardauna a Kaduna ta riga ta haɗa shi da mutanen da za su riƙe manyan fadoji na shekaru arba'in masu zuwa. Alhaji Ado Bayero ya hau gadon Kano a 1963. Alhaji Muhammadu Bashar, wanda minista ne a gwamnatin Sardauna, ya zama Sarkin Daura a 1966, ya kuma riƙe har 2007. Waƙar da Ɗanƙwairo ya yi masa tana cikin waɗanda aka fi juyawa har gobe. A kusa da gida kuma akwai 'Yandoton Tsafe Aliyu, wanda ya yi wa waƙar "Shirya Kayan Faɗa", alaƙarsu kuma ta yi ƙarfi ƙwarai.

A daidai wannan lokaci ƙasa na zamewa a ƙarƙashin tsohon tsarin. An raba Arewa jihohi a 1967. An karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage. Hakimin da a da yake iya riƙe makaɗi da iyalinsa da 'yan amshinsa shekara guda, yanzu shi ma albashi yake jira. Dole makaɗin fada ya faɗaɗa: ya zaga fadoji da yawa, ya kuma karɓi attajirai da manyan ma'aikata. Ɗanƙwairo ya yi hakan ba tare da ya sauke kotso ko ya sassauta tsarin waƙarsa ba. Ya rasu a watan Satumba na 1991, shekara biyar kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara, wato bai taɓa jin an kira shi ɗan jihar da ke alfahari da shi yau ba.

Sa'idu Faru: wanda ya ƙi faɗaɗawa

Ba a fahimtar zaɓin Ɗanƙwairo sai an ajiye shi kusa da na maƙwabcinsa. Sa'idu Faru, wanda ake wa laƙabi da Malamin Waƙa, ɗan Faru ne a ƙasar Maradun, shi ma da kotso yake kiɗa. Babban ubangidansa Muhammadu Macciɗo ne, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya zauna Talata Mafara a matsayin Sarkin Kudu tun shekarun 1950. An san Sa'idu da tsayawa kan jinin sarauta: mai kuɗi, komai kuɗinsa, ba abokin waƙarsa ba ne. Ya yi ta yi wa Macciɗo fatan gadon Sakkwato, Allah bai nufa ya gani ba, domin ya rasu a 1987, Macciɗo kuwa sai a 1996 ya hau.

Masana da yawa na fifita Sa'idu wajen zurfin magana da sarrafa harshe, kuma ban ga laifinsu ba. Amma a kasuwa da gidan biki Ɗanƙwairo ne ya yi rinjaye. Ɗaya ya tsare martabar sana'ar, ɗayan ya kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba.

Ga mai son kwatance: makaɗan fim na ƙasar Folan

Wannan rayuwa, ta mai fasahar da ke tsara kiɗa don aikin wani a ƙasar wani, ba Hausawa kaɗai suka san ta ba. Ƙasar Folan, maƙwabciyar Jamus ta gabas, ta yi suna wajen fitar da masu tsara kiɗan fim da suka yi aiki a waje, kuma labarinsu na haska namu.

Bronislaw Kaper, haifaffen Warsaw a 1902, yana aiki a Jamus har 'yan Nazi suka hau mulki a 1933. Ya gudu Faransa, daga can kamfanin MGM ya ɗauke shi zuwa Hollywood a 1935. Ya yi kusan shekara talatin yana yi wa kamfani ɗaya aiki, ana ba shi fim ya sa masa kiɗa, ya kuma ci kyautar Oscar da fim ɗin Lili na 1953. Baran gida ne shi ma, sai dai nasa ubangidan kamfani ne, kuma akwai takarda. Karin da ya tsara wa fim ɗin Green Dolphin Street a 1947 ya fi fim ɗin daɗewa: makaɗan jaz irin su Miles Davis suka ɗauke shi, yau masu buga shi da yawa ba su taɓa ganin fim ɗin ba. Haka matasanmu ke rera waƙar hakimin da ba su san ko a wace jiha garinsa yake ba.

Krzysztof Komeda likita ne da ya bar asibiti ya kama kiɗa. Darakta Roman Polanski, ɗan ƙasarsu, shi ya ja shi Amurka, ya yi masa kiɗan Rosemary's Baby a 1968. Rauni a ka ya katse shi, aka mayar da shi gida ya rasu a 1969 bai cika shekara 38 ba. Wojciech Kilar kuwa ya yi wa Francis Ford Coppola kiɗan Dracula a 1992, ƙofofin Hollywood suka buɗe masa, amma ya ci gaba da zamansa a Katowice har ya rasu a 2013. Sai Jan Kaczmarek, wanda ya karanta shari'a, ya koma Amurka a 1989, ya ci Oscar a 2005 da Finding Neverland, sannan ya waiwayi gida ya kafa bikin fina-finai da kiɗa na Transatlantyk a birnin Poznan a 2011. Ya rasu a 2024.

Kowannensu sai da ya sami mai jan hannunsa, kamar yadda Ɗanƙwairo ya sami Sardauna. Bambancin yana wajen lissafi. A can, ko da kamfani ne ya mallaki kiɗan, akwai takardar da ke nuna kowane kari da aka sa a fim, tsawonsa da sunan wanda ya tsara shi, kuma da ita ƙungiyoyin karɓar haƙƙi ke bin gidajen talabijin su karɓo wa mai kiɗa ko magadansa rabonsu. Namu makaɗin, kyautar ranar ita ce ladansa. Doki ya tsufa ya mutu, riga ta yage, waƙar kuwa tana nan tana yi wa wasu aiki.

Ina Kannywood ta shigo?

Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara da Turmin Danya a 1990, shekara guda kafin rasuwar Ɗanƙwairo. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan Sangaya, kiɗan fiyano ya mamaye masana'antar, da salon rawa da waƙa da aka aro daga fina-finan Indiya. Mutum ɗaya a ɗaki da na'ura ya maye gurbin ƙungiyar mutum goma. An yi zaton kotso ya tafi ke nan.

Bai tafi ba, ta baya ya zago. Duk fim ɗin da zai nuna fada, duk mawaƙin zamani da zai yi wa basarake ko gwamna waƙa, sai ka ji ƙafar kiɗan gidan Maradun a ciki, an kwaikwaye ta da fiyano. Wasu na yi da gwaninta. Da yawa kuwa amon kawai suke ɗauka su bar ginin: babu nasaba, babu habaicin da sai an yi tunani, babu miƙa zance tsakanin muryoyi, sai jera sunaye da kirari. Abin da Kannywood ba ta cika ba muhimmanci ba shi ne ainihin aikin su Kaper, wato kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin labari yana gaya wa zuciyar mai kallo abin da baki bai faɗa ba. Sau da yawa daga fina-finan waje ake tsinto shi. Alhali mutanen da suka san yadda kotso ke sa gaban mutum ya faɗi, ko ya sa shi jin shi wani ne, suna nan da ransu a Zamfara ba a neme su ba.

To waƙar ta wa ce?

A al'ada amsar a fili take: waƙar wanda aka yi wa ce. Shi ya sa ake cewa waƙar Sarkin Daura, waƙar 'Yandoto. A doka kuwa ba haka ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta bi sawun wadda ta gabace ta: waƙa da karinta na wanda ya tsara su ne, kuma kariyar na ci gaba har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Ga Ɗanƙwairo, lissafin ya kai ƙarshen 2061. Ga Sa'idu Faru, 2057. Idan kuma aiki na haɗin gwiwa ne, daga rasuwar na ƙarshe cikin masu shi ake fara ƙirge, abin da ke da muhimmanci ga waƙar da aka gina tare da 'yan amshi.

Faifan da aka naɗa kuwa hukuncinsa daban: shekara 50 ne. Ke nan naɗin da aka yi a shekarun 1960 ya fita daga kariya a matsayinsa na naɗi, amma waƙar da ke cikinsa ba ta fita ba. Wanda ya sake rera ta da fiyano ya sayar, ko ya sa ta a fim ko talla, yana taɓa dukiyar magada ne, ko ya sani ko bai sani ba. Matsalar ita ce doka ba ta bin haƙƙin kowa da kanta. Sai an san waƙoƙin nawa ne, wa ya tsara wace, yaushe aka naɗa, wa ke da ikon magana da sunan gidan. Takardar nan da ta tsare wa su Kaper haƙƙinsu, irinta ce ake bukata a nan.

Abin da ya rage a yi

An yi aiki, ba a ce ba a yi ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe rayuwarsa yana tattara tarihin makaɗan baka da matanin waƙoƙinsu a Jami'ar Bayero. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi sukutum a kan Narambaɗa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun yi a kan Shata. Ɗalibai a Sakkwato da Kano da Zariya sun rubuta kundaye a kan Ɗanƙwairo. 'Ya'yansa da jikokinsa ma ba su ajiye kotso ba.

Amma sautin kansa a warwatse yake: wani a ma'ajiyar gidan rediyon Kaduna, wani a Rima Radio ta Sakkwato, wani a tsofaffin kaset na fadoji da gidajen masu sha'awa. Mai nema yau ya fi saurin samu a wurin masu tura waƙa a waya ko a YouTube, inda za ka tarar an yanke waƙa, an ba ta sunan da ba nata ba, wani lokaci ma an jingina wa Ɗanƙwairo ta Kurna ko ta wani daban. Dattawan da za su iya cewa wannan habaicin da wane ake, a wace shekara, kan wane dalili, suna ta ƙarewa, kuma rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan Maradun da Bakura da Mafara ya tarwatsa da yawansu daga gidajensu.

Waɗannan ƙananan hukumomi uku kowacce ta fitar da gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Yankin bai rasa manya ba, bai kuma rasa makarantu ba, ga jami'ar jiha da kwalejin fasaha ta Abdu Gusau duk a Talata Mafara. Kira gare su, da masarautun Maradun da Bakura da Mafara: a zauna da iyalan Ɗanƙwairo da na Kurna da na Sa'idu Faru, a karɓo kwafin duk abin da ke Kaduna da Sakkwato, a rubuta sunan kowace waƙa da wanda aka yi wa da 'yan amshin da suka yi ta, a kuma naɗi bayanin dattawan nan tun suna iya bayarwa.